Ɗakin Mata a Gidan Jumruk

Gidan Jumruk, wato kwastan, shi ne gini mafi kwarjini da na sani a Jidda ina yarinya. Yana bakin teku, gaban Balad, wato tsohon gari. Ginshiƙansa farare ne dogaye, a jere bisa matakala, ginin Turawa sak, bai yi kama da gidajen Balad masu tagogin katako ba. Babana ya ce tun zamanin Turkawa yake nan. Lokacin da shi ya iso yana saurayi, bayan shekaru yana tafiya a ƙasa daga Zariya ta Sudan, ruwa na taɓa matakalar ƙasa. Manyan jirage ba sa iya matsowa saboda duwatsun cikin ruwa, sai ƙananan jirage su je su kwaso alhazai su zube su a ƙofar. Duk wanda ya shigo ta teku, ta tsakanin ginshiƙan nan ya bi.

A shekarun alif ɗari tara da sittin na fara aiki a ciki, ina da aure da yara biyu. Idan lokacin Hajji ya matso akan ɗauki mata masu jin yaren baƙi su taimaka wajen binciken mata, ni kuma ina jin Hausa da Larabci. Ɗakinmu na can baya, da taga ɗaya a sama, fanka mai ƙara, benci, da labule a madadin ƙofa. Shugabarmu Bamisriya ce mai jiki, Abla muke ce mata. Ba muguwa ba ce, amma ba ta son jira. Takardu maza ke dubawa a zauren gaba, mu ba ma ganin sunan kowa. Namu dai mu shafa jikin mace mu ji ko ta ɗaura wani abin da ba ta bayyana ba. Yawanci goro muke samu, ko laya, ko ƙullin daddawa.

Wata rana jirgi ya zo daga Bur Sudan, aka yi ta turo mana mata har hannuna ya gaji. Cikinsu akwai wata dattijuwa siririya, doguwa, da zanen saƙi da mayafi fari da tafiya ta dafar. Na ce mata sannu da zuwa, ta ce yawwa 'yata. Da na kai hannu ƙirjinta ta hagu sai na ji tudu mai tauri, an naɗe shi da tsumma an ɗaure ta baya. Ta ɗan ja jiki.

Abla ta gani. Ta ce da Larabci, "Mene ne wannan? Ta kwance."

Na ce, "Iya, me kika ɗaura a nan?"

"Ba kaya ba ne, 'yata."

"An ce ki kwance."

"Don Allah ki ce mata ba kaya ba ne."

Na faɗa wa Abla. Ta ce kowa haka yake cewa, yalla, a yi sauri, mutane na jira. Dattijuwar ta dubi labulen, wanda iskar fanka ke ɗagawa har ana hango ƙafafun maza a waje. Ta ce in sa wata ta riƙe. Abokiyar aikina ta riƙe, ni kuma na zagaya bayanta na kwance ƙullin da hannuna, saboda nata ba ya kaiwa. Tsumman ya manne da fata, sai da na bi shi a hankali. Ciwo ne a nono, ya kumbura ya fashe, an shafa masa garin magani baƙi. Warinsa ya cika ɗakin.

Abla ta kau da kai ta ce, "Halas, ya isa, rufe mata." Na mayar da tsumman. Dattijuwar ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na biya gidan iyayena a unguwar Karantina in ɗauki yarana. Tun daga lungu na ji gidan ya cika. Ƙanwata ta taro ni ta ce Gwaggo ta iso, yayar Baba, wadda aka aiko mana cewa sai jirgi na gaba. Ban taɓa ganinta ba, Baba ma rabonsa da ita tun kafin ya yi gemu. Na shiga da murnata, na same shi zaune a ƙasa gabanta kamar yaro, idonsa ja. Ita ce. Mayafin ma ba ta canza ba.

Baba ya ce, "Yaya, ga babbar 'yarki. A Jumruk take aiki, da kin neme ta da ba ki sha wahala ba."

Na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta dafa kaina ta ce, "Ikon Allah. Ai ban sha wahala ba, mutanen kirki ne a wurin." Ta tambayi yarana, ta ba su alewa daga cikin kayanta, ta ci gaba da ba Baba labarin waɗanda suka rasu.

Na yi kwanaki ina ƙin zuwa gidan. Nakan aiki mijina ya ɗauko yaran, in ce kaina ke ciwo. A wurinmu ko sunan yayar uba ba a kamawa, ni kuwa na tuɓe ta a gaban bare. Na san aiki ne, na san ban san ta ba, amma sanin bai rage komai ba. A wurin aiki kuma duk dattijuwar da ta shigo sai in ga fuskarta.

Ita ta aiko a kira ni. Na tarar da ita ita kaɗai a ɗakin Inna, ta ce in sakaya ƙofa.

"Kin faɗa wa babanki?"

"A'a, Gwaggo."

"To kada ki faɗa sai na sauko Arfa. In ya ji, asibiti zai kai ni, ni kuwa ba asibiti ya kawo ni ba." Sannan ta ce, "Hannuna ba ya kaiwa baya. Matar da ke ɗaura mini tun Kano ta wuce Madina. Ke kin riga kin gani, ba sai an ƙara wani ido ba."

Daga ranar ni ke wanke mata ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, in sake tsumma. Na bar aikin shekarar na bi ta Makka, na bi ta Mina da Arfa, ina faɗa wa mutane cewa Gwaggo na son in riƙa yi mata tafinta. Ba mu taɓa tayar da zancen ɗakin nan ba. Sau ɗaya kawai, ina ɗaure ƙullin, ta ce hannuna ya fi na ranar farko sanyi, ta yi 'yar dariya. Ni ban iya dariyar ba.

Bayan Hajji ta faɗa wa Baba da bakinta. Ya kai ta asibiti, likita ya ce an makara. Ba ta koma gida ba, a Jidda ta rasu kafin Mauludi, kuma ina cikin waɗanda suka yi mata wanka.

Na koma aiki shekarar da ta biyo, na roƙi Abla a sa mana ƙofa, ta kai maganar sama, aka sa ta katako. Ba a daɗe ba aka gina sabuwar tasha a kudu, alhazai kuma suka fi zuwa ta jirgin sama. Aka cike bakin tekun da ƙasa, titi ya ratsa gaban gidan, aka mayar da shi wurin ajiyar kaya, daga baya aka rufe. Baba ya rasu bai san inda muka fara haɗuwa da yayarsa ba. Yakan ce jininmu ne ya haɗu, ni kuma in sunkuyar da kai.