Ranar da Na Yi wa Shanu Ta'aziyya

Duk lokacin da man shanu ya narke a kasko, ƙamshinsa ya cika mini ɗaki, sai in tuna wata Bafulatana da ke kawo wa kakata nono a gidanmu na Bukkuyum. Rugarsu tana kan hanyar Gwashi. Ranar kasuwa takan sauke ƙwarya a ƙofar ɗakin Kaka, su yi ta hira, ita da Hausarta mai gargada, Kaka da ɗan Fulatancin da ta tsinta. Kafin ta tafi sai ta ɗebo curin mai a ludayi ta miƙo mini, ta ce wannan nawa ne.

Shekarar da ciwon shanu ya shigo ƙasarmu ina da kamar shekara tara. Kasuwa ta ci sau biyu ba mu gan ta ba. A ta uku Baba ya dawo da labarin cewa garkensu ya ƙare, saura karsana ɗaya. Washegari da hantsi Kaka ta ƙulla hura a ƙwarya, ta ce in sa takalmi mu tafi jaje.

Rani ne, gonaki duk an girbe, sai kututturan dawa. Tun kafin mu hango bukkoki wari ya tarbe mu, ga ungulaye a kan itatuwa. Wurin da ake ɗaure maruƙa igiya ce kawai kwance a ƙasa. Mun tarar da Bafulatanar zaune cikin bukka, ƙoranta duk a kife. Ɗiyarta ta raɗa wa Kaka cewa kwana uku ke nan ba ta sa komai a baki ba, ba ta kuma yi kuka ba.

Kaka ta zauna dab da ita, ta ce, "Ayya. Sannu, ƙawata." Daga nan ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har ya dame ni. Na ga kamar nauyi ne a kaina ni ma in ce wani abu, sai na tuna abin da nake jin Inna tana faɗi a gidan rasuwa. Na durƙusa, na ɗaga murya, na ce, "Allah shi jiƙan su, shi sa sun huta."

Kaka ta zaro mini ido. Bafulatanar ta ɗago kai ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata, dariyar kuma ta juye kuka. Ta ce, "Amin, ɗiyata. Su kam sun huta." Daga nan ta shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya: farar da aka ba ta tun tana yarinya, jar da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita, mai karyayyen ƙaho da ke bin ta har rijiya. Da ta gama, Kaka ta dama hurar nan da ruwa, don babu nono a rugar, ta miƙa mata. Ta sha.

A hanyar komawa Kaka ta warware mini. Ta'aziyya ta mutum ce in ya rasu. Dukiya in ta salwanta, jaje ake yi, a ce Allah ya mayar da alheri. Wanda ya tsira daga haɗari a yi masa barka, mai ciwo a ce masa sannu. Na tambaye ta ko na yi laifi ke nan. Ta ce, "Bakinki ya yi kure. Amma ni dukiya niz zo ma jaje, ke kin gane ba dukiya ɗai tar rasa ba."

Da damina ta faɗi mutanen rugar suka tashi suka yi kudu, ban sake ganin Bafulatanar ba.

Yanzu a waya ake aiko da jaje, kalma guda ga kowane irin rashi, kuma ban raina ba, don hanyoyin namu ba su biyuwa kamar da. Amma ina yi wa Kaka addu'a da ta tafi da ni ranar nan. In abu ya sami maƙwabta nakan ja jikokina mu je da ƙafa. Suna tambayata, "Kaka, me za mu ce?" Nakan koya musu kalmomin duka, kowace da wurinta. Sannan in ce in mun shiga su fara zama tukuna, su dubi fuskar mai gidan, su ga abin da ya rasa.