Atamfar Marta

Wata Laraba cikin bazarar 1973, aka jera mu 'yan lekol, wato makarantar boko, a gefen hanya tun hantsi, muna jiran motar sufurefe, babban jami'in gwamnatin yankinmu, daga Mora. Kowa da 'yar tutar takarda a hannu, tsakuwa tana gasa mana tafin ƙafa. A gaban layi ƙawata Marta ce tsaye, sanye da sabuwar atamfar jam'iyya mai hoton shugaban ƙasa, tana riƙe da kwandon gyaɗar da za ta miƙa wa baƙo. Ni kuwa ina layi na uku, cikin tsohuwar rigata mai ƙaurin kitse. Da sufurefe ya dafa kanta ya tambayi sunanta da Faransanci, ta amsa babu gargada, sai na ji kamar an zuba mini garwashi a ciki.

Garinmu ƙarami ne, a gindin dutse yake. A ƙasa mu ne, Hausawa mahauta da 'yan tireda, da Fulani masu shanu. A sama kuwa mutanen dutse ne, masu noman dawa a 'yan gonakin da suka tokare da jerin duwatsu. Jam'iyya ɗaya ce a duk ƙasar, amma a garinmu ko yaro ya san akwai 'yan ƙasa, akwai 'yan sama. Kujerun majalisar gari kullum na 'yan ƙasa ne, kuma Babana, da yake shi ne sarkin pawa, ya daɗe yana sa ran tasa. To a shekarar nan hukuma tana lallashin mutanen dutse su sauko, sai aka ba mahaifin Marta, Baba Tumas, kujerar konseye a majalisar, domin shi ne ya fara saukowa da iyalinsa ya yi gida jikin namu.

Kafin nan ba a raba ni da Marta. Tare muke ɗebo ruwa, tare muke tsinto itace, mu zauna ƙarƙashin tsamiya muna 'yar carafke har a aiko kiranmu. Ita ta koya mini hawan dutse ba takalmi, ni na koya mata yadda ake wanke hanji da tumbi ba tare da an fasa ba. Amma tun da aka naɗa babanta, komai nata ya fara tsone mini ido: bencin gaba da malam ya mayar da ita, gaisuwar da manya suke mata a kasuwa, har dariyarta.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidansu, wani abokin Baba Tumas mai sayar da taba ya zo yi masa murnar cin zaɓe. Baba Tumas ya kwashe da dariya ya ce, "Wane ci? Takarda ɗaya ce ake jefawa. Ko sunan akuya aka rubuta, ita za ta ci." Duk muka yi dariya, har da ni.

Kwana biyu bayan zuwan sufurefe, muna bakin rijiya, matar sakataren jam'iyya ta ce, "Yarinyar Tumas ta fitar da garin nan kunya." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ai babanta cewa ya yi ko akuya aka rubuta ita za ta ci." Wata tsohuwa ta dube ni, ta ɗauki tulunta bai cika ba ta tafi.

Kafin mako ya zagayo jandarmomi suka tafi da Baba Tumas Mora. Ya yi sati uku a tsare. Da ya dawo an aske masa kai, ya rame, ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. Kujerar kuma ba Babana aka ba, surukin sakatare ne ya haye. Da magana ta kai kunnen Babana, ya kira ni zaure. Na zaci duka ne, amma ko bulala bai ɗauka ba. Cewa ya yi, "Dije, shekara ashirin ina riƙe da wuƙa, ban taɓa yanka maƙwabci ba. Ke kin yi da harshe." Ya ɗauki cinyar rago ya shiga gidan Baba Tumas, ya daɗe bai fito ba.

Kafin ruwan farko Baba Tumas ya kwashe iyalinsa suka koma sama. Lekol ta yi wa Marta nisa, ta daina zuwa, aka ba ni bencinta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa na 'yan kwanaki. Ranar kasuwa nakan hango ta da kwaryar wake a kai, ta ce, "Sannu, Dije," kamar babu abin da ya faru. Ko wannan sanyin ran nata ma kishinsa na yi.

Yanzu ina zaune a Roumdé Adjia cikin Garoua, da jikoki. Jam'iyyu sun yi yawa, samari a teburin mai shayi suna yi wa shugabanni ba'a da ƙarfi, a yi dariya a watse. Bara na je garinmu na tambayi Marta. Aka ce tun da hare-hare suka yi yawa ta bar dutsen da 'ya'yanta, babu wanda ya san inda ta sauka. Na yi shekaru ina shirya abin da zan ce mata, har yau yana bakina.