Gandun da Ya Jira Digirin Iliyasu

Mika'ilu ɗan wan mahaifina ne, shi ne kuma ɗan fari a gidan Baba Nababa, a ƙauyenmu da ke arewa da Minjibir. Lokacin da na tafi karatu ƙasar waje na bar shi yana ɗan gandu. Da na dawo furfura ta fara fito masa a gemu, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, amma yana nan a ɗan gandu.

A wajenmu ƙasa ta yi kaɗan. Gona na jingine da gona, babu dajin da mutum zai sara ya ce nasa ne. Wanda uba bai yankar masa ba, ba shi da inda zai samu. Ɗan gandu kuwa daga safe zuwa azahar yana gonar uba, abin da aka girbe rumbun uba yake shiga, uba ne ke faɗin abin da za a shuka da ranar da za a buɗe rumbu. Abin da yake nasa shi ne gayauna, 'yar gonar da yake taɓawa da yamma in ƙarfinsa ya rage. Sa'o'in Mika'ilu duk iyayensu sun sallame su tuntuni, kowa da gonarsa da rumbunsa. Shi ma abin da yake so ke nan, sai dai ɗa ba ya buɗe baki ya ce wa ubansa a raba gandu.

Ya yi firamare zuwa aji huɗu, sai ciwon baya ya kwantar da Baba wata damina, aka cire shi ya riƙe garma. Bai koma ba. Karatun allo ne ya ci gaba da shi a wurin liman har ya sauke. Boko sai ya faɗa kan Iliyasu, autan gidan, wanda tun yana ƙarami lissafi ke bin hannunsa. Maza su biyu ke nan a gidan, sauran mata ne.

Da Iliyasu ya shiga jami'a, Baba ya yi magana a gaban liman da mai unguwa. Ya ce ɗalibi daga rumbun gida yake ci, don haka ba zai raba gandu ya bar yaro a tsakiyar karatu ba, sai ya sauke. Kowa ya ce ya yi daidai, har da Mika'ilu. A lokacin an ɗauka 'yan shekaru ne. Iliyasu ya gama digiri na farko, ya yi bautar ƙasa, ya koma na biyu. Ya yi aure, ya samu 'yar koyarwa a wata kwaleji a Kano, sannan ya shiga na uku. Duk kaka Mika'ilu kan kai buhunan gero da dawa tashar Minjibir ya ɗora a mota zuwa birni.

Wata shekara da rani Iliyasu ya bugo waya yana murna, ya ce ya tsaya gaban malamai sun yi masa tambayoyi, kuma sun amince. Baba ya ce alhamdu lillahi, sauka ta zo. Ya aika wa mai unguwa cewa kafin ruwa ya sauka za a yi rabo. Mika'ilu ya san ɓangaren gabas ne zai faɗo masa, don haka ya kwashe takin awakinsa da na tumakin matarsa Aina'u, wanda ya saba kai wa gayauna, ya yi ta jigilarsa a jaki yana jibgewa a can. Sai Iliyasu ya zo gida ya yi bayani: abin da malamai suka amince da shi, tambayar da zai yi bincike a kanta ce. Aikin ma yanzu zai fara. Baba ya janye maganar rabo. A daminar nan gabashin gandu ya yi dawar da ba a taɓa gani ba, ta shiga rumbun Baba, gayaunar Mika'ilu kuwa ta tashi a rame. Aina'u ce ta yi ta faɗa a cikin gida har makwabta suka ji.

Bayan na dawo da ɗan lokaci, na same shi yana sassabe a wannan ɓangaren gabas ɗin.

"Bature, zo nan," ya ce, don da wannan sunan yake tsokanata maimakon ya ce Jamil. "Kai ka ga irin karatun nan da idonka. Faɗa min tsakani da Allah, izu nawa ya rage wa Iliyasu?"

Ni a digiri na biyu na tsaya, amma na zauna da masu yin na uku. Na ce masa farkonsa yana kama da karatun da ya sani: akwai darussa, akwai jarrabawa, in ka ci ka wuce. Daga nan ɗalibi ya kawo tambayarsa malamai su amince, wanda shi ne abin da ya faru shekarar taki. Bayan wannan sai ya riƙa tsayawa gabansu lokaci zuwa lokaci yana nuna inda ya kai, ya buga wani abu daga aikin a mujallar masana, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malaman makarantarsu, sannan a kirawo wani daga wata jami'a ya sake tuhumarsa. Amma duk waɗannan suna jiran abu ɗaya, wato ya gano wata gaskiya a lissafi wadda ba a taɓa tabbatarwa ba, ya kafa mata hujjar da ba ta da ɓaraka.

"Wannan gaskiyar a wane littafi take?"

"Ba ta cikin littafi, Yaya. In tana ciki ba za a karɓa ba."

"Malaminsa dai ya san ta."

"Shi ma bai sani ba. Tare suke nema."

Ya dogara da ƙotar gatarinsa ya dube ni. "To me yake koya masa?"

"Yadda ake nema."

Ya yi dariya kaɗan, sannan dariyar ta ɗauke. Ya ce shi duk shekarun nan ƙirga wa yaron yake yi a ransa kamar mai bin izu, in an ce ya wuce wani mataki sai ya ce saura kaɗan. Ya koma kan sassabensa.

Da babbar salla Iliyasu ya zo. Washegari da hantsi muna zaure ana cin soyayyen nama, Baba ya tambaye shi yaushe ne sauka. Iliyasu ya sunkuyar da kai ya ce a zaman da aka yi kwanan baya wani malami ya gano ɓaraka a tsakiyar hujjarsa, kuma abin da ya gina a kanta kusan shekara guda sai an sake.

"Yaushe ke nan?" in ji Baba.

"Wallahi Baba ban sani ba. Ko baɗi, ko ya wuce."

Sai Mika'ilu ya ajiye naman da ke hannunsa. "Baba, ina da magana."

Baba ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari. "Ina jin ka, Babba."

"Karatun nan ba shi da izu. Jamil ya faɗa min, ga mai shi ma ya faɗa. Ni kuma na fara ganin jikoki. Ina roƙo a sallame ni."

Iliyasu ya ɗago kai. "A sallame ka daga me, Yaya?"

A nan na gane bai sani ba. Yana makaranta aka yi alkawarin, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa, don a gidanmu ba a ɗora wa ɗalibi damuwa. Shi a zatonsa Baba ne kawai ba ya son sakin gona, kamar sauran tsofaffi. Da liman, wanda ya shigo gaisuwar salla, ya warware masa maganar, sai ya rufe fuska da hannu biyu.

"Da kun faɗa min, da na ce a raba tun ina digiri na farko."

"Da ka bar karatun ka dawo," in ji Baba. "Na san halinka."

Ya daɗe yana murza carbi kafin ya ce shi da karatun allo ya auna abin, wanda kowa ya san inda ya fara da inda zai ƙare. Ya ce bai san akwai karatun da malami da ɗalibi ke lalube tare ba. Sannan ya juya ga Mika'ilu. "In na raba, wa zai ciyar da shi?"

"Baba, buhunan da ke zuwa Kano, dama wa ke noma su?"

Liman ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Baba ya harare shi, amma gefen bakinsa na motsi.

An yi rabon kafin damina ta gaba. Mai unguwa ya zo da igiya, aka dasa gamba a kan sabuwar iyaka. Baba ya riƙe 'yar gonar bayan gida, aka ware wa matan gidan nasu, kason Iliyasu kuma aka bar shi a hannun Mika'ilu yana nomawa yana aika masa hatsi.

A shekararsa ta farko Mika'ilu ya shuka riɗi a rabin gonarsa, duk da Baba ya ce ƙasar wurin tana riƙe ruwa. Ruwa ya yi yawa a watan Agusta, kusan rabin riɗin ya ruɓe. Na je yi masa jaje na tarar yana kwaɓa ƙasa a tsakar gida, Aina'u na miƙo masa ruwa, ginin rumbun kansa ya kai masa ƙugu. Ya ce Iliyasu ya bugo, ya toshe ɓarakar, yanzu kundi yake rubutawa. Na tambaye shi maganar riɗin.

"Baba ya fi ni gaskiya," ya ce, yana shafe bangon da tafin hannu. "Baɗi can tudu zan kai shi. Miƙo min wancan curin."