Takardar da Ta Riga Ajali

Har yau in na ga jinjirin wata sai gabana ya faɗi, kuma wata takarda ce ta jawo mini.

Zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune a Wurno, akwai wani tsohon malami, mutumin wajenmu, da ya koma can da zama. Duk kamawar wata sai ya cika takarda guda da ajami: wa ya haihu, wa ya yi aure, ina ruwa ya ci gona, wace hanya ce ba lafiya. Can ƙasa kuma, da jar tawada, sunayen mutanenmu da suka rasu a birni. Wani mai jaki ke ɗaukarta cikin gafaka, ya bi ta Rabah, ya bi ta Rara, kowane gari a karanta a mayar masa. Sai ta kwana goma kafin ta iso mana Taloka.

Ko a kan sunanta ba a taɓa shiryawa ba. Liman wasiƙa yake ce mata. Kawuna ya ce sam, wasiƙa mutum ɗaya ake aika wa, wannan shela ce. Fatake na cewa labarun birni, mu mata kuwa takardar wata. Surukata, uwar mijina, ba ta kiranta komai sai mai jan baki. Ita ta fi mu gaskiya.

Mijina masunci ne a gulbin Rima. Shekararmu huɗu da aure ya kai bandar kifi Wurno, ya ce mini kwana bakwai. Wata ya mutu bai dawo ba. Ranar da takarda ta zo, bayan la'asar, liman ya tsaya ƙofar masallaci yana karantawa, mu muna bayan zana muna saurare. Da ya kai jan sai ya yi gyaran murya, ya faɗi sunan mijina, da na ubansa, da sana'arsa. Babu wurin cewa wani ne.

Na shiga takaba. Na tsefe kitso, na ajiye kwalli, na ɗaura tsohon zane baƙi. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Ƙanensa ya ɗauki kwalekwale da komar kamun kifi. Na yi kuka har muryata ta dushe, don ina son mutumin nan, ba zan ɓoye ba.

Kwana ashirin da wani abu, da hantsi, ina daka a tsakar gida, sai na ji sallama da muryarsa. Na ɗaga kai. Ga shi tsaye, ya rame kamar kara, agana ta fasa masa fuska. Taɓarya ta suɓuce mini.

Ya ce, "Ke, mi kike kallo? Ba ni ruwa."

Allah ya yafe mini, inuwarsa na fara dubawa a ƙasa. Na miƙa masa ƙwarya daga nesa, na tsaya ina kallon maƙogwaronsa in ga ko ruwan zai wuce. Ya wuce. Shi kuma zanen jikina yake kallo.

A bakinsa muka ji yadda malamin ke aiki. Ashe don kada labari ya kwana a hanya, ranar rubutu yakan zaga masaukin baƙi ya duba majinyata. Wanda ya ga ya kai gargara sai ya sa shi cikin ja, wai kafin a karanta ya cika. Shekara da shekaru yana haka, ba a taɓa samun wanda ya tashi ba. Sai mijina. Kai, wannan ƙarfin hali! Mutum na numfashi ka riga Ubangijinsa?

Liman ya ce rai na hannun Allah, aurenmu na nan, in tashi in yi kitso. Aka mayar da kwalekwale. Amma zuciyar mutane ba ta mayar da komai ba. A sahun salla sai a bar masa fili dama da hagu. Kifinsa ya dinga ruɓewa a bakin gulbi, ba mai taya. Uwarsa da ta haife shi ta juya fuska bango ta ce, "Mi kaz zo nema? Na gama kukanka. Takardar da ta ɗauke ka ita za ta maido ka."

To, sai muka zuba wa sabon wata ido. Layi ɗaya muke jira, malam ya ce wane yana raye.

Takarda ta zo. Liman ya karanta aure da haihuwa, babu zancenmu. Ya kai ƙasa. Suna ɗaya ne cikin jan: na malamin kansa, da rubutun hannunsa. Mai jaki ya rantse ya baro shi zaune a zaure yana shan fura. Bayan kwana uku fatake suka zo da labari: ya cika ran da aka karanta mana, da la'asar. Daga nan takardar wata ba ta sake zuwa ba, kuma aka ƙara tabbata alƙalaminsa ba ya ƙarya.

Mijina ya rayu har ya yi furfura, muka haifi 'ya'ya biyar. Uwarsa ta rasu ba ta sake kiran sunansa ba. Ni ma, kada in yi wa kaina ado, wani lokaci in yana barcin rana nakan kai yatsa kusa da hancinsa. Ashe yana ji.

Ciwon ajalinsa na gaske bai wuce kwana huɗu ba. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Wannan karon ki taɓa ni da kanki kafin ki yi kuka."

'Yan gaisuwa ba su cika tabarma ɗaya ba. Wata tsohuwar maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ai sun yi mini wannan gaisuwar tun tuni.

Na taɓa shi, ya yi sanyi. Sannan na ɗauko baƙin zanen nan na ɗaura, na yi kukana ni kaɗai.