Ranar da Surukinta Ya Goya Ta

Matata tela ce, mai kunya ƙwarai. Ko ruwa ba ta sha a gaban mijin 'yarmu. Da muka ziyarce su a ƙasar waje, suka kai mu wani garin bakin teku. Gwiwar matata na ciwo, muka zaunar da ita kan dutse, muka tafi sayen abinci. Ba mu san teku kan janye ya dawo ba. Muna komowa, ruwa ya kewaye dutsen, yana ta hawa. Ni ba ƙarfi. Surukin ya kutsa cikin ruwan, ya durƙusa ya ba ta baya. Ta ƙi.

"To, rufe idonka," ta ce wa surukin.

"Mama, in na rufe, wa zai ga hanya?"

Ta ja mayafi ta rufe nata, ta hau.