Wadda Ke Ci Daga Gindin Tukunya

A kamfanin jigilar kaya inda nake aikin akawu, akwai wani ɗaki a bayan sito wanda yanzu aka cika da karyayyun kujeru. Da can ɗakin cin abinci ne, kuma Inna ce ke riƙe da shi. Ba ta haifi ko ɗaya daga cikinmu ba, amma daga manaja har mai gadi, Inna muke ce mata.

Ta fara aikin tana da goyo, bayan rasuwar mijinta, wanda direba ne a wurin. Aka ba ta murhu da wata ƙatuwar tukunya, aka ce ta gwada. 'Yarta tilo a ƙarƙashin teburin yanka albasa ta yi rarrafe, a kansa ta koyi rubutu, daga baya ta yi aure ta bi mijinta wani gari mai nisa. Inna kuwa tana nan bakin murhu har furfura ta cika mata kai.

Ba ta riƙe sunan kowa. Da cikinsa take sanin mutum. Akwai Ba-Albasa, mai kula da sito. Akwai Ƙara-Min, babban direbanmu, wanda bai taɓa tashi da faranti ɗaya ba. Ni kuwa Nama-Ƙarshe take ce min, saboda nakan ture tsokata gefe sai na gama da shinkafa.

Wani abu da duk muka sani amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba: ba wanda ya taɓa ganin Inna ta zauna da faranti. Tana girki tana ɗiga miya a tafin hannu tana lasa. Sai mutum na ƙarshe ya tashi, an fara jin ƙarar wanke-wanke, sannan ta karkata tukunya, ta kankare abin da ya rage, ta ci a tsaye.

Da kamfanin ya canja hannu, sababbin masu shi suka rufe ɗakin, suka ce kowa ya nemi abincinsa. Aka yi wa Inna taron sallama, aka ba ta agogon bango. Ta yi godiya, ta ce in ba damuwa a haɗa mata da tukunyar.

Bayan wasu watanni Ƙara-Min ya leƙo ofishina ya ce Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, likita ya ce jininta ya yi ƙasa. Da aka tashi aiki na tafi.

Ɗakinta ɗaya ne, a ƙarshen wani dogon gidan haya. Gado, kujera, agogon nan a bango, tukunyar a kife a kusurwa. A bakin taga kwalaben magani ne a jere, waɗanda 'yarta ke aikowa: na ƙarin jini, na ƙarfin ƙashi, da wani mai hoton 'ya'yan itatuwa a jiki. Inna ta rame har zobenta na yawo a yatsa.

"Inna, me kika ci yau?"

"Na sha na jini da safe. Na sha na ƙashi da rana."

"Abinci nake tambaya."

"Ai yarinyar ta ce duk abin da ke cikin ganye da kifi an matse shi a ƙwayar nan. To me zai sa in hura wuta?"

"Haka kawai kike haɗiya?"

"Da shayi. Sai dai yana murɗa min ciki." Ta dubi tukunyar. "Na gwada, ɗan nan. Hannuna bai san mutum ɗaya ba. In na ɗebi gishiri, na jama'a nake ɗiba. In na dafa kuma, sai in zauna ni da faranti muna kallon juna kamar baƙi a tasha."

Na ce me zai hana ta koma wurin 'yarta, tunda ta sha roƙonta. Ta ce ba za ta je ta zama kayan ado a falon suruki ba, a riƙa kawo mata abinci a tire ana ce mata sannu.

Na kwashi kwalaben na kai wa mai kemis na bakin titi. Ya jujjuya su, ya ce magungunan ba su da laifi. "Amma ka gaya wa tsohuwa, wannan faci ne. Faci na taimakon taya, amma ba a hawa titi a kan faci kaɗai. Ta ci abinci. Na jinin kuma ta daina haɗa shi da shayi, yana rage masa ƙarfi."

Na ga kamar abin mai sauƙi ne. Matata ta riƙa zuba abinci a kula ina kaiwa. Kullum kular na dawowa a wanke, da saƙon godiya. Sai da maƙwabciyarta ta tare ni a ƙofa ta ce in daina wahala, su ne ke cinyewa, Inna ko ɗanɗanawa ba ta yi.

Na ba Ƙara-Min labari. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Kai Akawu, duk lissafin naka. Ka taɓa ganin Inna ta ci kafin mu ci?"

Washegari da safe muka aika mata da shinkafa da wake da kifi da ganye, muka ce za mu zo da rana, yunwa na neman hallaka mu. Ba mu ambaci lafiyarta ba. Tun daga bakin gidan muka ji ƙamshi. Ta fito da tukunyar tsakar gida, ta ɗaura zane a ƙugu, tana zaune a kan kujera saboda jiri, amma ludayi na hannunta.

"Ba-Albasa, kai ne ka koma haka? Matarka na nan kuwa?"

"Tana nan, Inna. Albasa take zuba min da gangan."

"Ta kyauta. Ƙara-Min, miƙo farantin tun kafin ka fara yi min kallon maraya."

"Yau fa ina rage ciki, Inna."

"Rage shi a gidanku."

Muka ci a kan benci, muna gumi, muna musu a kan wanda ya fi iya ribas da tirela. Ban dubi inda take ba sai da na ji ƙarar ludayi a gindin tukunya. Ta miƙe tsaye, ta karkata ta, tana ci. Da ta gama ta aiki maƙwabciya ta ɗauko mata maganin ƙarin jini, ta haɗiya da ruwa.

Haka muka yi ta zuwa. Tafin hannunta ya fara ja, zoben ya zauna. Amma direbobi mutanen hanya ne, wata rana mu cika benci, wata rana ni kaɗai da Ba-Albasa. Ranakun hutu kuwa tukunyar a kife take kwana, Inna kuma ta kwana ba ta ci ba.

Wata rana muna cikin ci 'yarta ta kira. Inna ba ta iya riƙe waya da ludayi tare, sai ta buɗe muryar wayar ta ajiye ta a kujera. 'Yar ta tambayi ko magani ya kusa ƙarewa, sannan ta shiga kuka da yaranta: ba sa cin abinci, ita sai yamma take dawowa daga aiki, na shago take sayo musu, yanzu ma wani ruwan magani na buɗe ciki take ba su da cokali.

Inna ta ajiye ludayin.

"Jikokin nawa ne ake ba cokalin magani?"

"Inna, to ya zan yi?"

"Ashe zuri'ar gaba ɗaya kwalba muke ci." Ta jawo wayar kusa. "Madafar taki, wa ke shiga?"

"Ba kowa."

"To kar kowa ya shiga. Ina zuwa."

Ƙara-Min ne ya kai ta tasha. Ta tafi da agogon da kwalaben da ludayin. Tukunyar ta bar min, don 'yar ta ce murhunta ba zai ɗauke ta ba. Na mayar da ita tsohon ɗakin bayan sito, na kife ta a kan tebur, na rufe da buhu saboda ƙura.

Takan kira ni jefi-jefi, da tsakar rana. A bayanta ina jin ƙarar cokula da yara na rigima a kan wa aka fi zuba wa. Ta ce likitan can ya rage mata kwalba ɗaya. Ta ce ƙaramin ya gaji Ƙara-Min, babbar kuma nama take ajiyewa sai ƙarshe.

"Kai fa, me ka ci?"

"Na ci, Inna."

"Me?"

Na dubi burodin da ke kan teburina, da kofin shayin da ya huce.

"Na ji ka yi shiru," ta ce. "Gaishe min da Ba-Albasa."