Shirun Rami na Sha Bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, ashirin da uku ga Janairu, Allah ya karɓi ran Kawu Mehrban Shah Yusufzai, mutumin Swabi, mai huda ramuka a filin golf ɗinmu na Dubai. Zuciyarsa ce ta tsaya yana kan aiki, a ranar da aka buɗe gasar shekara.

Kawu, kai ne mutum na farko da ya yi mini dariya a ƙasar nan. Na zo daga Faisalabad da digirin noma da bizar gwaji, ina lallaɓa na'urar auna damshi kamar ƙwai. Ka dube ni ka ce, "Injiniya, ciyawa ce fa, ba surukarka ba. Saki jikinka." Tun daga ranar kake raba gurasarka biyu, kana tura mini kofin shayin madara tun ban tambaya ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ka ja mesata ka shayar da ramukana bayan ka gama naka.

Muryarka kuwa har shugabanmu ya san ta. Duk gasa sai ya tura ka can bayan itatuwan dabino, don in ka ƙyalƙyale da dariya, ɗan wasan da ke rami uku gaba sai ya ɗaga kai. Kakan ce, "A gida ma matata ta kasa rufe mini baki, balle allon 'a yi shiru' na gasa."

An sa sallarka ranar Lahadi bayan azahar, kafin jirgi ya kai ka gida. Lahadi ce ranar ƙarshe ta gasa. A irin wannan rana kowane ma'aikaci yana da raminsa, ba ya barinsa sai 'yan wasan ƙarshe sun wuce. Na nemi izini, aka ce in na fita daga igiyar da ta kewaye filin wasa, kada in dawo. Na san abin da hakan ke nufi ga bizata, da ga mahaifiyata. Na tsaya. Masallacin ba shi da nisa, Kawu. Daga tudun rami na sha bakwai ina hango hasumiyarsa.

Abokinka Tek Bahadur, mai injin yankan ciyawa, yana gefena. Ba musulmi ba ne, amma shi ya fi ni lura da lokaci.

"Injiniya, sun tayar yanzu ko?"

Na ce sun tayar.

Mai riƙe allon da ake ɗagawa don 'yan kallo su yi shiru ya jingine shi ya tafi shan ruwa. Tek ya ɗauka, ya ɗaga sama da hannu biyu, alhali babu ɗan wasa ko ɗaya a ramin. Dubban mutane suka yi tsit, suna waige-waige su ga wa zai buga. Masu sayar da lemo ma suka tsaya cak.

Oba-oba ta yi ƙara a ƙuguna. Shugabanmu ne.

"Shahzeb, wa ke bugawa a sha bakwai?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"To sauke allon nan!"

Tek ya harare ni ta gefen ido. "Bar tsoho mai surutun nan ya samu shirunsa sau ɗaya."

Na rage muryar oba-obar, na yi maka addu'ar da na iya. Hannun Tek bai sauka ba sai da na shafa.

An ce mu biyun mu bayyana a ofis ranar Laraba. Ban san abin da za a yanke ba. Da kana nan da ka ce ofis ne, ba surukata ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Mehrban, ka yafe kurakuransa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba shi inuwar da bai samu ba a filin nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Bibi Zarsanga, da 'ya'yansa Palwasha da Gohar, da dukkan mutanen Swabi. Ku yi mana afuwa, ba mu tsaya a sahu ba. Amma ku sani, lokacin da ake yi masa salla, filin da ya yi wa hidima ya yi shiru dominsa.